Mukullina a Ƙusar Maƙwabciya

A shekarar da na gama hidimar ƙasa na samu aikin koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi da ke Rijiyar Lemo. Na so in zauna a Fagge, amma masu gida uku da na je wa duk sun ce ba sa bai wa gwauro haya, don haka na kama ɗaki a Sabon Gari. Gidan ɗaki bakwai ne da famfo ɗaya, nawa ne na ƙarshe. In fita da asuba, in dawo bayan la'asar, in gaida wanda na tarar a tsakar gida, in shige. Haka na yi wata goma sha huɗu. Idan za a bi ƙididdiga, wata sha uku ne da kwana ashirin.

A cikin wannan zama ne wata jami'a a ƙasar waje ta ba ni gurbin digiri na biyu tare da tallafi, bisa sharaɗin in kawo sakamakon jarrabawar Turanci kafin ƙarshen Yuni, kuma kada wani sashe ya gaza maki bakwai. Na zauna ta farko. Karatu da rubutu da sauraro duk na haye, amma a sashen magana shida na samu. Lokacin da ya rage bai wuce na zama ɗaya ba. In na sake faɗuwa, gurbin ya tafi.

Na san inda matsalar take. Mahaifina magatakardar kotu ne a garinmu, kuma tun muna yara in ɗayanmu ya kawo labari gida, tambayarsa ɗaya ce: "Ka gani, ko an gaya maka?" Da wannan na tashi. A jarrabawar farko an tambaye ni sau nawa nake cin 'ya'yan itace a mako, sai na tsaya ina ƙirgawa a zuciya. Na ce uku, na ce a'a biyu, na ce ya danganta da ko lokacin mangwaro ne. Kafin in daidaita amsar an wuce zuwa wata tambaya.

Wani abokin aiki ne ya haɗa ni da wani tsohon shugaban makarantar firamare, Ibo haifaffen Sabon Gari, wanda kowa ke kira Baba Hedimasta. Duk Asabar da hantsi nakan same shi a barandarsa da agogon tebur a gabansa. Shi ne mai tambaya da Turanci, ni mai amsawa. In zai yi mini faɗa kuwa sai ya koma Hausa, Hausar da ta fi tawa kama da ta Kano.

A Asabar ta uku ya buɗe takardar tambayoyin da aka ce su ake yawan yi a wannan zango, ya ce yau mukullai za mu yi. Tambaya ta farko ita ce ko ina yawo da mukullai da yawa. Na ce biyu ne, na ƙofar ɗaki da na kwaɗon akwati.

"Shi ke nan?"

"Su ke nan, Baba."

"To ka taɓa batar da mukulli?"

Na ce ban taɓa ba. Ya dubi agogo, ya dube ni.

"Daƙiƙa biyu. Malam, kotu ka zo ba da shaida? Mutanen nan ba ruwansu da aljihunka, bakinka suke son ji yana tafiya. Ce musu ka batar da shi a cikin adaidaita sahu, ruwan sama ya dake ka, ka kwana a ɗakin abokinka."

"Ba ni da abokin da zan kwana a ɗakinsa."

"Ƙirƙiro shi. Ba shi tumbi da gemu. Wa zai zo Kano ya bincika?"

Na gwada. Na fara labarin adaidaita sahun, na kai inda direba ya sauke ni a Kwaciri, sai na tsaya, domin ban taɓa sauka a Kwaciri a hanyata ta dawowa ba. Baba Hedimasta ya cire tabarau ya murza idanunsa. Ya ce a shekara talatin da ya yi yana koyarwa ya ga yaran da ba sa iya faɗin gaskiya, amma bai taɓa ganin wanda ƙarya ta gagara ba sai yau.

Tambaya ta uku ita ce ta fi tsaya mini: ko ina ganin daidai ne mutum ya bar mukullinsa a wurin maƙwabci, kuma ko na taɓa yin haka. A gidanmu na can garinmu ban san mukulli ba. Ƙofar gida ba a kulle ta da rana, domin ko yaushe akwai wani a ciki, in ba kaka ba to inna. Sai da na shiga jami'a na fara riƙe mukulli, kuma tun daga ranar ban taɓa miƙa wa wani shi ba. Na ce wa Baba zan yi tunani a kai. Ya ce tunani shi ne cutar.

Sauran kwanakin mako ni kaɗai nake bita. In na dawo daga makaranta sai in jingina waya da kofi, in danna ɗaukar murya, in yi wa kaina tambaya, in amsa. Daga nan in saurara da biro a hannu, ina yin alama duk inda na tsaya. Nakan rage murya saboda bangon ɗakin siriri ne, ina jin maƙwabcina yana yi wa 'ya'yansa aikin gida, ba na so su ji ni ina hira da kofi. A wasu ranakun, in aka cire abin da nake faɗa a aji da gaisuwa, muryar da ke cikin wayar ita kaɗai ce ta yi mini magana mai tsawo.

Na yi nazarin amsoshina kamar yadda nake nazarin kuskuren ɗalibi, na gano abu ɗaya. A kan abin da ya faru da ni da gaske ina iya magana daƙiƙa talatin ba tsayawa. A kan abin da bai faru ba, jimla ta biyu ce iyakata. Ashe mafita ba ta koyon ƙarya ba ce, sai dai in sa abin ya faru. Batar da mukulli da gangan ya zo mini a rai, amma na ga abin da aka yar da niyya ba a ce ya ɓata ba. Ba wa maƙwabci kuwa abu ne da ke hannuna.

Ranar Laraba na biya kasuwar Sabon Gari aka yanka mini mukulli na biyu. Na gwada shi sau uku a ƙofata, sannan na nufi ɗakin farko na gidan, inda wata dattijuwa ke ɗinki a bakin ƙofa daga safe zuwa magariba. Kowa Mama yake ce mata. Ni ban taɓa wuce "sannu da aiki" da ita ba.

"Mama, sannu da aiki. Alfarma na zo nema. Ina so ki ajiye mini wannan."

Ta tsayar da keken ɗinkin, ta dubi mukullin.

"Tafiya za ka yi, Malam?"

"A'a."

"Ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau."

Ta ci gaba da dubana, tana jiran dalili. Da na ce don tsaro ne da an wuce wurin, amma ba shi ne dalilin ba. Sai na yi mata bayanin jarrabawar, da tambayar maƙwabci, da yadda ba na iya faɗin abin da ban yi ba. Ta saurare ni har ƙarshe, allura a bakinta, sannan ta cire ta.

"Wato ni ce aikin gidanka."

Kunya ta rufe ni. Na fara ba ta haƙuri, ta ce in bari, ta ga abin da ya fi wannan. Ta miƙe, ta ɗaga labulen ƙofarta, ta nuna mini wata ƙusa a jikin bango daga ciki. Mukullai ne rataye a kanta, kowanne da ƙyallen atamfa launi daban. Na ƙirga su: shida.

"Na ɗaki na biyu, na uku, na mai gyaran janareto, har na bayan gida," in ji ta. "Duk wanda zai fita nan yake bari. Kai ne kaɗai ba ka kawo ba. Mun ɗauka zinariya kake ɓoyewa."

"Littattafai ne kawai."

"Mun sani. Muna jin ka kana yi musu Turanci."

Ta yanko shuɗin ƙyalle daga ragowar da ke ƙasa, ta ɗaura wa mukullin, ta rataye. Na koma ɗaki na zauna a bakin katifa. Fiye da shekara ina wuce wannan labule safe da yamma, ban san gidan yana da tsarin da kowa ke ciki sai ni ba. Ba wanda ya hana ni. Ba wanda kuma ya gaya mini, domin ban taɓa tsayawa tsawon da za a gaya mini ba. Ran nan ban ɗauki murya ba.

Ba zan ce rayuwata a gidan ta sauya ba, domin ba gaskiya ba ne. Gaisuwarmu da Mama ta ƙaru da jimla ɗaya: "Yaya Turanci?" Da na ba Baba Hedimasta labarin da Turanci ranar Asabar, na yi daƙiƙa arba'in ban tsaya ba. Ya yi dariya har ya yi tari, ya ce in aka tambaye ni batun aure kada in gaya masa abin da zan yi.

An yi jarrabawar mako uku bayan haka, a wani ƙaramin ɗaki mai sanyi. Babu mutum a ciki sai ni. Mai tambayar wata Baturiya ce a fuskar kwamfuta, ina jin ta ta abin sawa a kunne. Ta tambaye ni aikina, ta tambaye ni unguwarmu, sannan ta ce yanzu za mu yi maganar mukullai. Ba ta yi tambayar maƙwabci ba. Wadda na fi tsoro ta yi: ko na taɓa batar da mukullina.

Na ce ban taɓa ba. Na ji shirun nan yana tahowa, irin na jarrabawar farko, sai na ci gaba da faɗin dalili. Na ce ina taɓa aljihuna sau da yawa a rana, domin ni kaɗai nake zaune, nesa da garinmu, kuma in ya ɓata babu wanda zai buɗe mini ƙofa daga ciki, babu kuma wanda zai lura ban shiga ba. Daga nan na ce mata dole in gyara wannan magana, domin gaskiya ce har zuwa mako uku da suka wuce. Na shiga labarin Mama da ƙusarta. Ina kan bayanin launin ƙyallayen ta ɗaga hannu, ta ce ta gode, ta wuce tambaya ta gaba. Ban taɓa yin maganar da aka katse ni don ta yi tsawo ba sai ranar.

Sakamakon ya zo ina ɗakin malamai, lokacin hutun tara. Magana: bakwai cif. Na duba lambar rajista na gwada ta da wadda ke takardata, na duba suna, na duba ranar haihuwa, domin in tabbatar ba na wani aka turo mini ba. Malamai biyu na gardamar ƙwallo a gefena, ban katse su ba. Na kira mahaifina bai ɗauka ba, lokacin yana kotu. Na tura sakamakon ga jami'ar a nan inda nake zaune, kwana tara kafin wa'adi, sannan aka kaɗa ƙararrawa, na ɗauki alli na tafi aji biyu.