Dattijo Mai Tausayin Ɗan Barkwanci

A bakin kasuwar tufafi ta Baima, can ƙasar waje, Najiba tana kallon wani dattijo zaune bisa dilar kaya, hula a karkace, ya ƙura wa waya ido. Da ganinsa ɗan kasuwar Kano ne, Turancinsa bai wuce na ciniki ba. Ta leƙa wayar: wani ɗan barkwancin Ingila ne a dandamali, sanye da rigar barci, ya durƙusa yana ba buta haƙuri, Turawa suna ta sheƙa dariya. Dattijon kuwa sai girgiza kai yake.

Ta ce, "Baba, bai ba ka dariya ba?"

"Haba 'yata, marar lafiya zan yi wa dariya? Kallona na uku ke nan, har yanzu danginsa ba su zo sun ɗauke shi ba."