Na Je Gashuwa Kai Ƙarar Bukar

Nguru

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na nufi tasha ko koko ban sha ba. Abin da ya fitar da ni, 'yan duba-gari ne suka hana motar yashe masai juye min kaya a gona, wai doka. Ga damina ta matso, gona ta gaji, takin zamani ya fi ƙarfina. Sai na ji Bukar, ƙanen matata Hajara, wanda ni na koya wa riƙon fartanya, yana can Gashuwa yana zuba takin masai da rana tsaka, har bara ana zuwa kallon geronsa. Na ce sai na je na ji ko shi doka tsoronsa take yi.

Shida da kwata mota ta cika, mu biyu a gaba kamar kifi a kwando.

Jajimaji

Bakwai saura muka tsaya a shinge. Ɗan sanda ya leƙa but, ya ɗaga hannu. Direba ya ce, "Baba, tun Nguru kake tsaki, lafiya?" Na ce, "Kai dai ja motarka."

Gashuwa

Takwas saura kwata muka sauka. Na zauna bencin ofishin duba-gari har tara, sannan babbansu ya iso, wani dogo mai farin gilashi.

Na ce, "Ƙara na kawo. Akwai mai zuba ƙazanta a gona a garin nan. Bukar, na hanyar Jakusko."

Ya dube ni ya yi dariya. "Ai wurinsa muke tura mutane. Hau babur in kai ka."

Minti ashirin muka isa. Ramuka huɗu masu faɗi, an kewaye da ƙaya, nesa da rijiya. Jami'in yana nunawa yana zayyano min dokar: ba a zuba takin masai a gona ɗanye, ba a kai shi bakin kogi, ba a sa wa latas da tumatir. Sai ya sha ranar rani guda, ana juyawa ana haɗa shi da toka, 'yan duba-gari su zo su duba, sannan su ba da takarda.

Bukar ya taho da gudu ya durƙusa. Har tumbi ya yi.

"Yaya, ba ko waya?"

Jami'in ya ce, "Yayanka koyo ya zo." Da ya tona ni ma da ya fi min sauƙi.

Na cusa hannu cikin tsibin takin, na shinshina sau uku ina neman wari. Babu. Baƙi wuluk, kamar ƙasar fadama.

Bukar ya ce, "Tun kaka na aika wa Yaya Hajara cewa ka zo mu haƙa naka ramin tare." Ta faɗa min kuwa. Abin da na ce mata a lokacin ba na rubutawa ba ne.

Na tambayi jami'in, "To ni bana fa?"

"Bana ta wuce ka, Malam. Ka haƙa yanzu ruwa ya cika ramin. Sai kaka."

A gidan Bukar aka kawo tuwon shinkafa da kifi. Na so in sami abin kushewa, ban samu ba, na cinye. Ya ɗaura min buhu guda na takin, ya kai ni tasha da kansa.

Komowa

Ƙarfe uku muka taso. But ya cika, aka tura buhun ƙarƙashin ƙafar wata hajiya mai turare. Tun daga Gashuwa nake kasa kunne in ji ta ce wani abu yana wari. Har Nguru ba wanda ya ko toshe hanci.

Huɗu da rabi na shiga gida. Hajara ta ce, "Ya ka baro Bukar?" Na ce, "Ya yi ƙiba."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa direba, da jami'in da ya rufa min asiri. Bukar kuwa, godiyarsa sai kaka, in ya zo nuna min inda zan haƙa.