Abin da Muntaka Ya Zana a Bayan Iƙama

Duk wanda ya san Muntaka a unguwar Hindawiyya ta Jidda, da labarin takardar iƙama, wato izinin zaman baƙo a Saudiyya, ya san shi. Bawan Allah ya shekara arba'in yana rubuta allunan shaguna, ya aurar da 'ya'ya uku, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Amma ka ce "Muntaka" a majalisar ƙofar masallaci, kafin ka rufe baki wani zai ce, "Wanne? Wanda ya zana kafilinsa?"

Shi ɗin ne.

Kafilin nasa, wato ubangidan da izinin zamansa ke hannunsa, wani dattijo ne, Thamer, mai shagon alluna a unguwar Sharafiyya inda Muntaka ke aiki. Mutumin kirki ne, ba ya zagi, ba ya tsawa. Aibinsa ɗaya: komai sai gobe. Duniya ta koma sabunta iƙama ta waya, amma Thamer sai an kawo masa kwafin katin a takarda, ya ajiye a kan tebur, ya ɗora kofin shayi a kai, takardar ta huta kamar wata guda, sannan ya ce wa ɗansa Raed ya danna abin da ake dannawa. Kowace shekara Muntaka yakan rame kaɗan a wannan watan.

Shekara uku da suka wuce ya kai kwafin, saura kwana goma sha tara iƙamar ta ƙare. Ya tarar Thamer yana baccin bayan azahar a ofis, ƙofa a rufe, minshari na fitowa ta ƙarƙashinta. Ya zauna a benci. Takarda a hannu, fensir a bayan kunne, ga lokaci ya yi yawa. Shi kuwa Muntaka yana da wata lalura tun yana saurayi: ba ya iya ganin farin bayan takarda ya ƙyale shi. Sai ya juya kwafin. Ya zana Thamer kwance ya yi matashi da hatimin shago, girarsa mai kauri ta sauko ta rufe masa ido kamar labule, gizo-gizo ya yi saƙa daga alƙalaminsa zuwa tarin takardu. A can ƙasa ya zana kansa ɗan mitsitsi a kan benci, gemu ya tsiro ya kai ƙasa har wata kyanwa ta haihu a ciki.

Yana gyara jelar kyanwar Raed ya leƙo.

"Ya Amm Muntaka, iƙama ce? Kawo, kawo, yalla, zan sa masa a tebur."

Muntaka ya miƙa, ya yi godiya, ya tafi gida hankalinsa kwance.

Sai da suka zauna cin abinci ya laluba aljihu don ya nuna wa matarsa Bara'atu zanen ranar, kamar yadda ya saba. Aljihun dama babu. Na hagu babu. Lomar da ke hannunsa ta koma cikin faranti.

"Malam, lafiya?"

Ya gaya mata. Bara'atu ta dube shi tsawon lokaci, irin kallon da ake yi wa tukunyar da ta ƙone bayan an yi ta faɗa a rage wuta.

"Da girar?" ta tambaya.

"Da girar."

"Inna lillahi. Shekara nawa ina ce maka fensir ɗin nan zai fitar da mu daga Jidda?"

Ba wasa take yi ba. In Thamer ya yi fushi ya ƙi sabuntawa, sai fita. Fita kuma zuwa ina? Fasfon Muntaka na Sudan ne. Mahaifinsa Bahaushen garin Mai Wurno ne da ke can, ya zo da shi Jidda yana ɗan shekara shida, bai sake komawa ba. Ƙasar tana cikin yaƙi, kuma ko da lafiya take, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Autarsu Juwairiyya, wadda ke jin Hausa sarai amma in za ta amsa sai rabi ya fito da Larabci, ta ce, "Abuya, ka je ka ce masa ba shi ba ne, wani ne."

"Juwairiyya, Jidda kaf wa ke da wannan girar?"

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ya san wani da irin wannan ya ci, kuma shi ne ma ya koya masa zanen.

Lokacin yana ɗan shekara ashirin, Muntaka direba ne a wani kamfanin gine-gine a wajen Ruwais. Aka haɗa shi da wani tsohon Bajamushe, siriri, mai tabon tawada a yatsu, wanda leburori ke kira Malam Burunu don sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshensu. Aikinsa a kamfanin shi ne zana hotunan gargaɗi: sa hular kwano, kada ka tsaya ƙarƙashin ƙugiya. Amma kafin nan, shekara ashirin da wani abu ya yi yana zanen barkwanci a wata jarida a ƙasarsu. Ministoci, 'yan majalisa, masu manyan tumbi, babu wanda ya tsira. Ya ce akwai ministan da ya aske gashin bakinsa saboda shi. Duk suka haɗiye. Rana ɗaya ya zana mai jaridar kansa, washegari ya tarar da kayansa a kwali. Haka ya sami kansa a zafin Jidda yana zana hular kwano.

A cikin mota, in cunkoso ya riƙe su, yakan nuna wani mai tafiya ya ce, cikin Larabcinsa mai ɗingishi, "Duba wancan. Me ya fara isowa, shi ko cikinsa?" Ya koya wa Muntaka cewa kowane mutum yana da abu ɗaya da ke riga shi shiga ɗaki: wani hanci, wani tafiya, wani yadda yake riƙe carbi. In ka kama wannan, layi biyar sun isa. Ya ba shi fensir na farko, ya kuma ba shi doka ɗaya: kada ka taɓa zana wanda ke ƙasa da kai, na sama ake zanawa.

Dokar ta yi kyau a Jamus. Muntaka ya ɗaga kai ya dubi na sama da shi, ya ga duk wanda ke can yana riƙe da wata takarda tasa. Don haka ya yi shekara arba'in yana bin dokar a ɓoye. Da rana ya rubuta "Maɗa'am" da "Baƙala", wato gidan abinci da kanti, da haruffa masu ƙiba, ba fuska ko ɗaya, don masu shaguna ba sa son hoton mai rai a allo. In ya dawo gida ya zana mai gidan haya, da ma'aikaci mai ji da kansa a ofishin takardu, da limamin da ke jan karatu in ya ga baƙo a sahu. Mai kallo mutum ɗaya ce, Bara'atu. Ta yi dariya, ta ce astagfirullah, ta jefa cikin wata tsohuwar jakar hajji a saman kabad. Malam Burunu ya koma ƙasarsu bayan shekara biyu. Kati ɗaya ya aiko, hoton Muntaka a bayan sitiyari, kunnuwansa sun fito ta tagogin mota biyu. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Kwana uku Muntaka yana zuwa shago yana aiki kansa a ƙasa. Thamer ya wuce, ya yi sallama, bai ƙara komai ba. Muntaka ya yi ta nazarin sallamar nan kamar likita: ta yau ta fi ta jiya sanyi, ko kunnensa ne? A gida Bara'atu ta sauko da akwatuna, wai ƙura za ta goge. Abokinsa Jabiru, mai sayar da tsire a bakin layinsu, ya ba shi shawara ya ce ya yi rantsuwa jikansa ne ya zana.

"Jikan nawa wata bakwai gare shi."

"To ka ce yaron baiwa ne."

A rana ta huɗu, bayan la'asar, Raed ya zo ya ce baba na kira. Yana maganar yana cije leɓe, Muntaka bai gane ko tausayi ba ne ko me.

Thamer na zaune, tebur fes, babu takarda a kai. Ya nuna kujera.

"Ya Muntaka. Shekara nawa muna tare?"

"Talatin da ɗaya, Abu Raed, Allah ya ja kwana."

"Na taɓa cin mutuncinka?"

"Ko sau ɗaya."

"To me na yi maka ka kashe mini gida?"



Ashe takardar ba ta kwana a tebur ba. Thamer ya kwashe ta cikin jarida ya tafi da ita gida, ta faɗo a falo, bayanta a sama, a gaban matarsa. Ummu Raed ta ɗauka. Aka ce dariyar da ta yi sai da ta zauna a ƙasa. Shekara goma sha ɗaya tana roƙo a gyara mata famfon kicin, kullum gobe. Ta manna zanen a jikin firiji, ta ɗauki hotonsa ta tura wa 'yan'uwanta mata, su kuma suka tura wa nasu.

"Yanzu in na je ɗaukar ruwa sai na gaisa da kaina," in ji Thamer. "Jikokina suna kirana Jaddu Bukra, kakan gobe. Na gyara famfo, ya Muntaka. Jiya. Da kaina na tsaya a kan mai gyaran."

"Ka yafe mini, Abu Raed. Hannu ne, wallahi ban..."

"Halas, ya wuce. Iƙamarka an sabunta tun shekaranjiya, ba ka duba wayarka ne? Ummu Raed ta ce ba za ta ba ni abinci ba sai na fitar da kai daga bencin nan kafin kyanwar ta sake haihuwa."

 Muntaka ya fara jero godiya, Thamer ya ɗaga hannu.

"Ban gama ba. Akwai hukunci." Ya jawo farar takarda daga aljihun tebur, ya tura masa. "Ka san Meshari, ƙanin matata? Shi ya fi kowa dariya. Har da hawaye. Mutumin da in ya zo cin abinci sai an ƙara dafa shinkafa. Ina so ka yi mini shi. Kada ka tausaya masa."

Muntaka ya tuna dokar Malam Burunu, ya auna, ya ga Meshari ma yana sama da shi nesa ba kusa ba. Ya zaro fensir daga bayan kunne.

Daga Meshari sai wani surukin Meshari, don Mesharin ma ramuwa yake so. Kafin shekara ta zagayo babu wani babba a dangin nan da ba ya rataye a bangon wani. Thamer ya ware masa tebur a kusurwar shago, nesa da injin buga alluna wanda dama ya cinye rabin aikin hannu. Juwairiyya ta sauko da jakar hajjin nan, ta zaɓi waɗanda ba za su jawo magana ba, ta riƙa sawa a waya. Yanzu in ana biki a tsohon gari sai a ga dattijo baƙi siriri a kan kujerar roba, mutane sun yi layi a gabansa kowa na so a ci masa mutunci da fensir. In ɗan dako ko mai shara ya zauna, Muntaka yakan zana shi da kyau, ya ƙara masa tsawo, ya gyara masa kafaɗa. Masu agogon zinariya kuwa sai abin da Allah ya yi.

Liman ya taɓa tare shi a kan batun hoton mai rai. Suka yi magana ta fahimta, liman ya ce a dai yi hattara, sannan ya rage murya ya tambaya ko gaskiya ne akwai nasa a jakar. Muntaka ya ce jakar ta tsufa, ba ya tuna abin da ke ciki.

Kwanan baya ina zaune a wurin tsiren Jabiru ya zo wucewa, kwafin iƙama a hannu, za shi Sharafiyya. Jabiru ya ɗaga wuƙa ya yi masa kirari.

"Mai zana kafili! Lokaci ya yi ke nan? Ka duba bayan takardar dai, kada a sake!"

Majalisa ta fashe da dariya. Muntaka ya tsaya, ya gyara zaman fensir a kunnensa.

"Na duba," ya ce. "Shekara talatin ina kai masa gabanta, sai ta yi wata bai karanta ba. Sau ɗaya na kai masa bayanta, kwana biyu aka gama. Ku dai ku ci gaba da kai gaba. Kai kuma Jabiru, tsaya haka da wuƙar nan, kada ka motsa, hancinka ya fito sosai."