Shekarun da Inna ta daina jin wari

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, sana'ar daddawa take yi a unguwar Yalwawa ta Dutse. Da aka mayar da Dutse babban birnin jiha, matan ma'aikatan da suka tare a Takur suka zama manyan masu sayenta. Idan ta rufe kalwa ba ta ƙirga kwanaki. Sai dai ta ɗaga buhun, ta shaƙa, ta ce, "Saura gobe."

Duk sanda zazzaɓi ya kama ta, ƙuraje kan feso mata a leɓe, ta shafa man kaɗanya su bushe. Wata damina sai suka zo da ciwon kai mai tsanani. A kwana na uku ta fara sambatu, ta faɗi a tsakar gida tana jijjiga. Ta yi mako uku a asibiti a Kano, aka sallame ta, muka ce ta warke.

Ina aure a bayan layinsu, kullum da hantsi nakan leƙa. Wata rana tun daga zaure wari ya buge ni. Kalwar ta wuce lokaci, ta yi yauƙi, tsutsa na motsi a ciki. Inna na zaune tana mulmula ta, tana kai yatsa baki.

Na ce, "Inna, ba kya jin warin nan?"

Ta ce, "Wane wari? Ta yi daidai."

Na zagaya bayan ɗaki na yi amai. Har yau ina jin kunyar yadda na kasa kallon hannunta.

Abin bai tsaya a hanci ba. Shekara na zagayowa tana ƙara mantuwa. Ta zuba garin sabulu a miya. Ta riƙa ɓoye tuwo a ƙarƙashin katifa har ya yi funfuna. Takan yi la'asar sau uku.

Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a, kowa a unguwarmu ya zama alƙali. Wata maƙwabciya, wadda ta yi shekara goma tana miya da daddawar Inna, ta shigo ta toshe hanci da hijabi, ta ce wa yayana, "Alhaki ne. Wa ya san abin da take zubawa har mutane ke rububinta?"

Yayana ya yarda. Ya kawo wani mutum mai jakar fata, suka kulle Inna a ɗaki da kaskon hayaƙi. Ina isowa na ji tarinta da warin barkono. Na banke ƙofar. Tana durƙushe a lungu, ta jiƙa zanenta, majina har haɓa. Mutumin yana zaune a inuwa yana cin goro, yana tofar da jan yawu a bakin rijiyarmu.

Na ce, "Yaya, uwarka ce fa!"

Ya ce, "Ai taimakonta muke yi."

Na ɗaga Inna na fito da ita daga cikin hayaƙin.

Ni da maigidana muka mayar da ita Kano da tsohon katinta na asibiti. Likitan ya daɗe yana karantawa, sannan ya ce ƙwayar cutar da ke kawo ƙurajen leɓe ce ta hau ƙwaƙwalwarta a waccan daminar, ta ɓata wajen da ke riƙe ƙamshi da tunawa. Ya ce wasu likitoci na zargin tana da hannu a mantuwar tsufa ma, amma ba a tabbatar ba.

Na ce, "Akwai magani?"

Ya ce, "Abin da ya lalace ba ya dawowa. Ku riƙe ta da kyau."

Daga tasha gidana na wuce da ita. Maigida ya kwashe buhunan gero daga ƙaramin ɗaki, muka shimfiɗa mata katifa da leda. Shekara huɗu ina mata wanka safe da yamma. Ba zan yi ƙarya ba, akwai ranakun da sai na ɗaure hanci da ɗankwali kafin in shiga. Idan na gama shafa mata mai, takan kama hannuna ta ce, "Baiwar Allah, 'yar gidan wa ce ke? Sun iya tarbiyya."

Ta rasu ranar wata Talata da azahar, ina tsefe mata kai.