Takardar da ke aljihun Baba

Salamu alaikum. Wata biyar ke nan ban ce komai a nan ba. Masu tambaya ko littattafan soyayya ne suka ɓoye ni, a'a, jinya na yi.

Shekara biyu da suka wuce idanuna suka yi rawaya, Baba ya kai ni asibiti a Damagaram. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likita ya gana da Baba shi kaɗai. Da ya fito ya ce, "Shawara ce, Uwata, za ta wuce."

Na yarda.

Bana cikina ya kumbura, in na yi asuwaki sai jini. Goggo, yayar Baba, ta ce saifa ce, a kira wanzami. Baba na zaune aka yi mini tsaga uku a gefen ciki.

Ƴan ƙanana ne, amma jinin ya ƙi tsayawa. Aka sa toka, aka ɗaure, har la'asar yana zuba.

Aka kai ni asibitin Tanut. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya ce, "Tana da wani ciwo da kuka sani?"

Baba ya zaro wata tsohuwar takarda daga aljihu, wadda likitan Damagaram ya ba shi. Ashe kafin mu fito gida ya ɗauko ta.

Majo ya karanta. "Malam, hantarta ta taurare. Ba a ce maka kada ƙarfe ya taɓa ta ba?"

"An ce."

Ina kwance, ina ji.

Aka wuce da ni Damagaram. Leda uku ta jini, kwana goma sha ɗaya, awakin Mama biyu da aka sayar. Wata likita ta ce hanta ce ke haɗa abin da ke tsayar da jini, tawa kuma ta gaji. Ba za ta koma sabuwa ba, amma da magani ana rayuwa.

Da na tambayi Baba dalilin ɓoye mini, kansa a ƙasa ya ce, "Tsoro na ji kada mutane su guje ki in suka ji ciwon hanta ne. Da na hana wanzami, da sai na faɗi dalili."

A duk littattafan da na karanta, mai ɓoye gaskiya bare ne. Ban taɓa cin karo da uba ba.

Alhamdulillahi, na tashi. Allah ya saka wa Mama da waɗanda suka ba ni jini.

Mai ciwon hanta, ban da tsaga, ban da ƙaho, ban da cire haƙori a kasuwa, ban da asfirin. In ka ga baƙin bayan gida ko aman jini, nufi asibiti nan take. Kuma ka nemi sanin sunan ciwonka da kunnenka.

Kullum da safe Baba na tsayawa bakin ƙofata ya ce, "Ya jiki?"

Ina cewa da sauƙi. Abin da zan iya ke nan tukuna.