Kunnen Aro a Jikin Kwabo

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo mu ji ta.

Haihuwa da koyo

An haifi Malam Tsinke a shekarar 1934, a wani gida bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa masaƙiya. Ramarsa ce ta jawo masa laƙabin, har sunan yanka ya ɓace. Bayan kammala firamare a 1948, ya koyi zane a kan ƙarfe a wajen kawunsa.

Aiki da aure

A 1957 gidan buga kuɗi ya ɗauke shi aikin zana fuskokin shugabanni a kwabo da kan sarki, a 1960 kuma ya auri 'yar wani tela. Matsalarsa ɗaya ce, jikokina: hoto ake aiko masa, mutum na kallon gaba, alhali kwabo gefen fuska yake so. Sai ya riƙa zaunar da maiɗakinsa a bakin taga yana aron kunnenta. Shugabanni uku suka zo suka wuce da kunnen baiwar Allah, ba wanda ya lura.

Shekarar tuhuma

A 1974, kan shugaba na huɗu, hannu ya zarce, ya zana har hujin 'yan kunne. Kwabo ya shiga kasuwa, mutane suka yi ta nuna wa juna. Manaja ya ce ya tattara kayan aikinsa, aka kai shi gaban shugaba.

"Malam, kunnen wa ka manna mini?"

"Na iyali ne, ranka ya daɗe."

"Tana ji da shi kuwa?"

"Ranka ya daɗe, ko tari na yi a wurin aiki, in na koma sai ta ce mini sannu."

Shugaba ya yi dariya har da share hawaye. "Ashe ya fi nawa. Koma bakin aikinka, gobe ka zo ka zana na gaske."

Da ya kai labari gida, matar ta riƙe haɓa. "Wato ni aka kora ke nan? Shekara goma sha huɗu wuyana na ƙagewa!"

Ritaya da rasuwa

Ya zana shugabanni biyu bayan nan, kowa da kunnensa, ya yi ritaya a 1989. Ya rasu a 2006 bayan gajeriyar jinya, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Maiɗakinsa ta bi shi bayan shekara huɗu. Sun bar 'ya'ya biyar: malamar makaranta, direban jirgin ƙasa, ungozoma, da tagwaye masu gyaran agogo.