Ranar da Baba Ya Je Kama Mai Zane da Ƙarya

Akwai wata Asabar da ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa ba na jin za ta fita daga raina, kuma har yau in na tuna ta sai na ji haushi ya taso min sabo.

Lokacin 'yata ta fari tana da shekara goma sha shida, makaranta ta ba su takardar zaɓen darussa, ranar Litinin za a mayar da sa hannuna. Yarinya ta kafe ita zane za ta karanta. Ni kuwa na yi tsalle na dire, na ce ban baro Zariya ina aikin jinya a sanyin Landan don in haifi mai wasa da fenti ba. Sati biyu gidanmu na Lewisham ba a dariya.

Ana cikin haka mahaifina ya zo a duba masa ido. Tsohon safiyo ne, shekara talatin da biyar yana awon filaye, mutumin da ko tabarma aka shimfiɗa a karkace sai ya gyara. Na ce alhamdu lillahi, na samu mai tsawata mata.

Da na kai ƙara, sai ya ce ta kawo abin da ya ɗauke mata hankali. Ta ɗauko wani littafi ta buɗe masa zanen manyan gine-ginen Greenwich a bakin kogi. Ta ce wani ɗan Italiya ne ya zana, mutumin birnin nan da ake yawo cikinsa a kwalekwale. Attajiran Ingila ne ke sayen zanensa su kai gida tsaraba, da yaƙi ya hana su zuwa sai ya tattaro ya biyo su Landan, ya yi kusan shekara tara yana zana musu garinsu. Baba ya kai littafin dab da hancinsa, ya daɗe yana dubawa.

"Amarya," haka yake tsokanar jikar tasa, "wurin nan yana nan?"

"Yes, Kaka. Ten minutes a train."

"To gobe mu je mu tsaya inda ya tsaya. In maƙaryaci ne zan kama shi."

Ni sakarya har da murna.

Ashe daga tsallaken kogi mutumin ya yi zanen, sai mun bi ta wata hanyar ƙafa da aka haƙa a ƙarƙashin ruwa. Muka fito can ana yayyafi. Baba ya zaro fensir, ya miƙe hannu, ya kanne ido ɗaya. Ya yi taku ashirin gabas, ya dawo. Ya ce a riƙe masa lema a kan littafin, ba a kansa ba. Ya hau benci da babbar riga, Turawa masu yawo da karnuka suna kallonmu. Na ce, "Baba, don Allah ku sauko, an fa yi muku booking ɗin asibiti jibi, kada ku karye." Ko waiwayowa bai yi ba. Awa uku! Takalmina ya jiƙe sharkaf, yunwa ta ci ni ta cinye, ga jika da kaka sun haɗa kai suna ƙusƙus kamar ba tare muka zo ba.

Can ya sauko ya rufe littafin. Ya ce, "Ya yi ƙarya. Babu inda mutum zai tsaya a ƙasa ya ga wannan. Ya ɗaga kansa sama, ya buɗa kogin, ya matsar da gini."

Na juya wajen yarinyar, baki har kunne. "Kin ji ko? Sana'ar da kike so ke nan."

"Ke, ban gama ba," in ji Baba. "Ni ban taɓa ƙara taku ɗaya a awo ba, amma wa ya taɓa rataye taswirata a bango? Tana can ofis gara ta cinye. Wannan ya fi shekara ɗari biyu da hamsin a kabari, ga shi ya taso tsoho daga Zariya ya bi da shi ta ƙarƙashin kogi. Sai wanda ya san awo sarai yake iya irin wannan ƙaryar." Ya dafa kan jikarsa. "Tun a Zariya likita ya ce idon nan saura kaɗan. In kin zo hutu ki zana min layinmu, babba, yadda zan gani. Ke kuma ki sa mata hannu."

Wallahi na cika na yi fam. Ni na kawo shi shaida, ya tashi ya zama lauyanta. Amma maganar idon fa, ban san abin ya kai haka ba. A benci mai jiƙe na sa hannun, domin ja'irar ashe takardar na cikin jakarta.

Ta je hutun, ta zana layin. Ta faɗaɗa shi, ta kawar da kwatar ƙofar gida, ta dawo da bishiyar darbejiyar da aka sare tun kafin a haife ta, Baba na kwatanta mata. Shi ne abu na ƙarshe da ya gani sosai kafin idon ya rufe.

Abin da na koya shi ne, in za ka kai ɗanka ƙara wajen iyayenka, fara tambayar abin da su kansu suka yi shekaru suna so ba su samu ba. Ni ban taɓa tambayar Baba ba, sai da ya hau benci a gaban jama'a ya gaya min.